Ruwan gishiri, sirace, maganin tari ko injin nebulaiza: wanne ya dace da majina da kakin hunturu?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso da ƙurar da take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da wuya ka shiga gida a ƙauyukan Kano da Jigawa ba ka ji tari ba. Lokacin ya zo daidai da sussuka da shiƙa, ga hayaƙin kara da itace a wurin girki, ga jin ɗumi a ɗaki rufe. Jariri hancinsa ya toshe ya kasa kama nono, tsoho ya kwana yana kakari kaki ya ƙi fita. Sai maigida ya rasa ta cewa: a sayo kwalbar maganin tari a kemis, ko a yi sirace, ko a ɗiga ruwan gishiri, ko kuwa a haɗa kuɗi a aika birni a sayo injin nan mai fitar da hazo da ake sa wa mutum a baki, wato nebulaiza? Kowanne da masu yabonsa. Sai dai ba wuri ɗaya suke aiki ba, kuma ba za a iya auna su ba sai an san abin da ke sa kaki ya yi ruwa ko ya yi kauri tun asali.

Gishiri ne ke jan ruwa

Tun daga cikin hanci har ƙananan bututun huhu, bangon hanyar iska shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta. Yawancinsu na ɗauke da siraran gashi da likitoci ke kira siliya, kusan 200 a kan ƙwaya ɗaya, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa, dukkansu suna turawa zuwa maƙogwaro. Gashin nan a cikin wani ɗan ruwa yake tsaye, zurfinsa maikuromita 7 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai. A saman ruwan ne majina take, tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta, gashin na tura ta sama, mutum ya haɗiye ba tare da ya sani ba. Majinar mai lafiya kashi 97 zuwa 98 cikin ɗari ruwa ce. Idan ruwan ya ragu, sai ta yi danƙo, ta danne gashin, sharar ta tsaya cik. Daga nan tari ya karɓi aikin, ƙwayoyin cuta kuma su sami wurin zama.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne ƙwayoyin nan ba su da famfon tura ruwa. Gishiri suke motsawa, ruwa ya bi shi. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga yadda ruwa ke tsattsafowa; dokar ɗaya ce. Gishiri idan ya narke yakan rabu biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne da cajin lantarkinsa, kuma kowanne da ƙofar da yake bi. A fuskar ƙwayar da ke kallon iska akwai ƙofar ENaC, wadda ke shigar da sodiyam ciki, ruwa ya bi shi, sama ta bushe. Akwai kuma ƙofar CFTR, wadda ke fitar da kuloraid da baikabonet waje, sodiyam ya bi ta tsakanin ƙwayoyin, ruwa ya biyo baya, sama ta jiƙe. A bayan ƙwayar, ɓangaren jini, akwai famfon da ke fitar da sodiyam uku ya shigar da fotasiyam biyu a kowane zagaye, da wani mai dako da ke shigo da kuloraid don a sami na fitarwa. Wata ƙofar kuloraid ta biyu, TMEM16A, wadda aka gano a 2008, kalsiyam ne ke buɗe ta. Motsin iska mai ƙarfi, irin na tari ko numfashin mai tafiya da sauri, yana sa ƙwayoyin su saki sinadarin da ke buɗe ƙofofin kuloraid ya rage aikin ta sodiyam. Shi ya sa majinyacin da ke kwance kwana da kwanaki kakinsa ya fi na mai zirga-zirga taruwa.

Wata cutar gado mai suna sistik faiburosis ce ta koya wa duniya wannan. A 1983 Paul Quinton ya nuna cewa kuloraid ba ya iya ratsa bututun gumin masu ita, a 1989 kuma Lap-Chee Tsui da John Riordan da Francis Collins suka gano ƙwayar gadon CFTR a kan kuromosom na 7. Cutar ta fi yawa a Turawa, a wajenmu ba kasafai ake ganinta ba. Amma ƙofar CFTR ɗin da ta lalace musu tun haihuwa, hayaƙin taba yana raunana ta ga duk mai sha. Ga kuma bushewar iska: baligi na shaƙar kimanin lita 10,000 na iska a yini, kuma dole jiki ya ɗumama ta zuwa digiri 37 ya cika ta da danshi kafin ta nutsa cikin huhu. A hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, hanci ne ke biyan mafi yawan wannan bashin.

Ma'aunin da za a bi

Tambaya ta farko, wadda ta fi sauran nauyi: ina abin ya toshe, hanci ne ko ƙirji? Ta biyu: zaɓin yana ƙara wa shimfiɗar nan ruwa da gaske, ko daɗi kawai ake ji? Sai kuɗi, na farko da na kullum. Sai ɗorewa a wurin da ke da zafi da ƙura. Sai sauƙi, musamman inda babu wutar lantarki tsayayya. Na ƙarshe haɗari, kuma a nan yara ƙanana da masu asma ne abin dubawa.

Akwai halin da babu ɗaya cikin huɗun da ya dace, sai asibiti. A ƙirga numfashin yaro na minti guda yana cikin nutsuwa: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5, alamar namoniya ce. Haka idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono, ko yana suma. Babba kuwa, tarin da ya kai mako biyu, ko jini a kaki, ko rama da gumin dare, a kai kaki a gwada tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ruwan gishiri a hanci

Ma'auninsa gram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, wato kashi 0.9 cikin ɗari, daidai da gishirin jini. A aikace: ruwa rabin lita, gwargwadon ledar fiya wata guda, a tafasa shi minti 3 zuwa 5, a zuba gishiri gram 4.5, wato cokalin shayi ɗaya shafaffe har da ɗan ragi, ba mai tozo ba. A rufe ya huce ya koma ɗumin jiki. Farin gishirin miya mai tsabta ake so. Ban da manda, ban da balma, ban da kanwa ko kaɗan. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Daidaita ma'aunin na da dalili. Ruwa zalla yana shiga ƙwayoyin su kumbura, shi ne raɗaɗin da mai alwala ke ji idan ya shaƙi ruwa ya zarce. Idan gishirin ya yi yawa kuma, sai ya zuƙe su ya yi zafi. Na 0.9 ba ya ja ba ya turawa, wankewa kawai yake yi: ya narkar da busasshiyar majina, ya kwashe ƙura da ƙaiƙayi, ya bar gashin ya koma aiki.

Jariri: a kwantar da shi rigingine, ɗigo biyu a kowace ƙofar hanci kamar minti goma kafin shayarwa, a goge abin da ya fito da tsumma mai tsabta da aka murɗa bakinsa. Kada a tura masa da sirinji da ƙarfi. Babba: sirinji mai mil 20 da aka cire allurarsa, a sunkuya kan kwano, baki a buɗe, a karkata kai, a tura a hankali ta ƙofar sama ya fito ta ƙasa, sirinji biyar ko shida kowane ɓangare, sau ɗaya ko biyu a rana. A face a hankali, domin facewa da ƙarfi na tura ruwan cikin kunne. Kowa da sirinjinsa. Mai azumi ya bari sai bayan shan ruwa.

An gwada shi. A wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda aka yi da mutum 871 masu yawan toshewar hanci da ciwon kogon fuska a Ingila, waɗanda aka koya wa wanke hanci sun sami sauƙi kuma sun rage sayen magani. Kuɗinsa bai wuce na gishiri da makamashi ba. Babu abin da zai lalace. Haɗarinsa ɗaya ne, amma ba na wasa ba: ruwan da ba a tafasa ba. Akwai wata ƙwaya mai suna Nagileriya da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, irin na kududdufi da tankin da ya daɗe. Idan ta shiga ta hanci tana kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. Ba kasafai take faruwa ba, amma an ga mace-mace a Amurka da Pakistan. Ko na burtsatse ne, ko na leda, a tafasa. Iyakar wannan zaɓi a fili take: ba ya sauka ƙirji.

Sirace

Shi ne mafi kusa da hannu, kuma mutane sun yarda da shi: tukunyar tafasasshen ruwa, ganyen darbejiya ko tazargade ko ɗan man zafi, a lulluɓa da bargo. Gaskiya ana jin daɗi, busasshiyar majina a bakin hanci takan yi laushi. Amma a duba shi da ma'auni na biyu. Tururi ruwa ne ba gishiri, kuma kusan dukkansa a hanci da maƙogwaro yake tsayawa. Can ƙasa iskar ta riga ta cika da danshi, babu wurin ƙari. A binciken nan na 2016 an gwada sirace ma, bai rage toshewa ba, ciwon kai kawai ya ɗan sassauta. Man zafi kuwa jijiyoyin jin sanyi yake taɓawa, mutum ya ji kamar hanci ya buɗe alhali iskar da ke wucewa ba ta ƙaru ba.

Kuɗinsa kaɗan ne, haɗarinsa ne babba. Yaro a ƙarƙashin bargo da tukunyar ruwan zafi, motsi ɗaya ya isa ya ƙone cinya da ciki, kuma jinyar ƙuna a ƙauye ta fi ta mura wahala nesa ba kusa ba. Idan aka haɗa da garwashi a ɗaki rufe, ga gubar hayaƙin da ba a gani ba a jin warinta. Mai asma ƙamshi mai ƙarfi na iya tayar masa da ciwon. Man zafi mai kafur ba a shafa wa yaro ƙasa da shekara 2 a hanci. Babban da yake son siracensa ya sauke tukunyar ta ɗan huce, ya ajiye ta a ƙasa ba a cinya ba, ya ja fuska baya kamar kamu ɗaya da rabi, minti biyar zuwa goma, babu yaro a kusa. Wanda danshi yake nema, rufe hanci da rawani ko mayafi ko takunkumi ya fi masa: yadin na riƙe danshin numfashin da ya fita ya mayar masa, ga tare ƙurar shiƙa.

Kwalaben kemis

A nan ake asarar kuɗi mafi yawa, domin a kanta ɗaya magunguna iri uku ne masu aiki daban, wani lokaci a kwalba ɗaya. Akwai masu danne tari, irin kodin da dekstrometofan. Mai kaki a ƙirji idan aka danne masa tari an rufe masa hanyar da ta rage. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuma mutanen Kano da Jigawa sun san ɓarnar da ta jawo hakan. Akwai masu busar da majina, irin kulofeniramin da daifenhaidramin, masu sa barci. Suna rage zubar hanci ta hanyar rage ruwan da bangon ke fitarwa, wato akasin abin da mai kauri ke buƙata. Sai masu sassauta kaki, irin karbosistin da asetilsistin. Asetilsistin ɗin yana tsinka mahaɗan da suka ɗaure zaren majina.

Rukuni na uku ne ke da hujja, amma ga wasu mutane ƙayyadaddu. A Sin an bi mutum 709 masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, aka ba rabinsu karbosistin miligram 1,500 kullum tsawon shekara, sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna tashin ciwon ya ragu. Wannan magana ce ta tsoho mai tari shekara da shekaru saboda taba ko hayaƙi, ba ta murar kwana biyar ba. Mai gyambon ciki ba ya shan sa. Ga jarirai kuwa, Faransa ta hana ba yara ƙasa da shekara 2 irin waɗannan magunguna tun 2010, saboda majinar kan yi yawa yaron ya kasa fitar da ita. A Ingila ma an daina ba yara ƙasa da shekara 6 magungunan tari da mura na kanti tun 2009. Yaron da ya wuce shekara ɗaya, rabin cokali zuwa cokalin shayi na zuma da dare ya fi masa; wanda bai cika shekara ba ba a ba shi zuma. Sauƙin sha ne kaɗai inda kwalba ta yi zarra. Kuɗinta na maimaituwa, zafin shago na lalata ta, jabu na yawo. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, a karanta sunayen abin da ke ciki ba sunan kwalbar ba.

Injin nebulaiza

Shi kaɗai ne cikin huɗun ke kai gishiri cikin ƙirji. Yana farfasa ruwa ya zama hazo mai ɗigo maikuromita 1 zuwa 5. Wanda ya fi haka girma a maƙogwaro yake maƙalewa. Zaɓi biyu ne a cikinsa, na ruwan da za a zuba da na injin.

Ruwan kashi 0.9 yana ƙara ɗan danshi ya sauƙaƙa tari, ba kasafai yake shaƙe mutum ba. Mai kashi 3, 6 ko 7 aikinsa daban: yana sauka kan shimfiɗar da gishirin da ya fi na jiki, sai ya jawo ruwa daga ƙasa, majinar ta saki, tari ya taso. Ga wani abin lura da ke bayyana sakamakon gwaje-gwaje. A huhun da ƙofofinsa ke aiki, ƙwayoyin kan tsotse ƙarin gishirin cikin ɗan lokaci, amfanin ya gushe. A huhun mai sistik faiburosis kuloraid ba shi da hanyar komawa, gishirin ya daɗe a sama yana riƙe da ruwa. Shi ya sa a Ostireliya, gwajin 2006 da aka yi da mutum 164 masu cutar, mil 4 na kashi 7 sau biyu a rana tsawon mako 48, ya rage musu tashin ciwo sosai. Amma a wani gwaji da aka wallafa a 2012, da aka gwada kashi 6 da kashi 0.9 kan mutum 40 da bututun huhunsu suka lalace suka buɗe suna tara kaki ba ta dalilin wannan cuta ba, bayan shekara guda sakamakon ya zo kusan ɗaya. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda tarin fuka ya bar wa irin wannan tabo, domin na 0.9 ya fi arha kuma ko'ina ana samunsa, shi ne ruwan ƙarin ruwa da ake kira nomal salin. Ga jarirai masu murar ƙirji ta bairos, ƙa'idar Ingila ta ce kada a yi amfani da mai gishiri da yawa.

Ƙa'idojinsa ba a sassauta su. Ruwan da aka haɗa a gida ba ya shiga nebulaiza, komai tafasa. Sai na asibiti da aka rufe daga kamfani, kuma idan an buɗe roba a zubar da ragowar bayan awa 24. Ruwa zalla ma ba ya shiga, yana matse bututun iska. Mai kashi 3 zuwa sama, shaƙar farko a gaban ma'aikacin lafiya ake yi, a shaƙi salbutamol, maganin buɗe bututun iska, minti 15 kafin nan, saboda yana iya shaƙe ƙirji musamman ga mai asma. A zauna a miƙe, mil 4, minti 10 zuwa 15, abin baki ya fi abin rufe fuska, ba a kan cikakken ciki ba. In an ga jini a tsaya. Bayan an gama a fitar da abin da ya saki: dogon numfashi uku ko huɗu, a riƙe kowanne daƙiƙa uku, sannan a huro iska da ƙarfi baki a buɗe, "haa", sau biyu, a yi tari. Wanda ya shaƙa ya kwanta bai yi wannan ba ya yi rabin aiki.

Injin iri biyu ne a kasuwa. Mai kwamfaresa yana da ƙara da nauyi kuma sai da wuta, ta NEPA ko janareta ko inbatar sola, amma yana shekaru. Abin da ke lalacewa a jikinsa mai arha ne: matatar iska, wadda hunturu ke mayarwa ja da wuri, da kofi da tiyo, kofin a canza shi kamar bayan wata 6. Mai raga ƙarami ne, shiru, yana aiki da batir ko fawa bank, abin da ke jan hankalin mutumin ƙauye. Rauninsa ragar: dubban ramuka ne da ido ba ya gani, gishiri na bushewa ya toshe su, taɓawa da yatsa ko buroshi na ɓata ta, kamfanoni kan ce a canza ta cikin wata 6 zuwa shekara, kuma samun irinta a Hadeja ko Wudil ba tabbas. Kafin a biya kuɗi a tambaya ko ana sayar da kayan canji. Kowanne aka saya, a wanke kofin da sabulu bayan kowane amfani, a ɗauraye da tafasasshen ruwa, a bar shi ya bushe a rufe da tsumma mai tsabta. Kofi mai laima gidan ƙwayoyin cuta ne, injin kuma zai aika su kai tsaye cikin huhu. Ba a aron kofi tsakanin majinyata. Kuma wanda ba a gwada shi tarin fuka ba kada a yi masa a ɗaki da yara, domin tarin da gishirin ke tayarwa na watsa cutar.

Mutane da yawa don asma suke sayen injin, kuma a nan akwai hanya mafi arha. Inhela ta salbutamol da aka haɗa da mazubin shaƙa, wato robar da ake fesa maganin a ciki a shaƙa ta ɗaya bakin, tana aiki kamar nebulaiza a yawancin tashin asma. A Afirka ta Kudu an nuna tun 1999 cewa robar lemo mai mil 500, da aka huda gindinta daidai bakin inhela aka liƙe, tana yin aikin mazubin kamfani. Ba wuta, ba wanki mai wahala.

| Zaɓi | Inda yake isa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ruwan gishiri 0.9 | Hanci | Kusan kyauta | Ana haɗa sabo kullum | Sai tafasa da awo | Ruwan da ba a tafasa ba |
| Sirace | Hanci da maƙogwaro | Makamashi kawai | Daɗin ɗan lokaci | Mai sauƙi | Ƙuna, hayaƙin garwashi |
| Kwalbar kemis | Ta jini | Matsakaici, yana maimaituwa | Zafi na lalatawa | Mafi sauƙi | Yara ƙanana, jabu, danne tari |
| Nebulaiza mai kwamfaresa | Ƙirji | Tsada da farko | Shekaru | Sai wuta da wanki | Shaƙewa, kofi mai datti |
| Nebulaiza mai raga | Ƙirji | Tsada, da canjin raga | Raga wata 6 zuwa 12 | Batir ya isa | Toshewar raga, kofi mai datti |

Wa ya dace da wanne

Jariri mai toshewar hanci da numfashinsa bai yi sauri ba: ɗigon ruwan gishiri, nono a kai a kai, a nisanta shi da hayaƙi. Ba sirace, ba kwalba, ba man zafi.

Mai sussuka, mai shiƙa, mai aiki a injin niƙa ko na casar shinkafa irin na Kura: takunkumi lokacin aiki, wanke hanci da yamma. Babu dalilin sayen inji.

Babba mai murar kwanaki: wanke hanci, shan ruwa isasshe, zuma. In yana son sirace ya yi shi yadda aka faɗa, ya san daɗi yake nema.

Mai asma: inhela da mazubi, a je asibiti a duba ko yana buƙatar inhelar kariya ta kullum. Ya nisanci mai gishiri da yawa sai da likita.

Tsoho ko tsohuwa mai tari da kaki na shekaru saboda taba ko hayaƙin girki: gwajin tarin fuka tukuna, sannan barin taba, fitar da murhu fili, tafiya kullum da hurowar nan ta "haa" safe da yamma. Karbosistin na iya shiga idan likita ya rubuta kuma babu gyambon ciki.

Wanda ya gama maganin tarin fuka amma kullum yana cika kofi da kaki, ko yaron da ke yawan namoniya, ba ya ƙiba, kashinsa mai maiƙo, guminsa da gishiri sosai: waɗannan ne injin zai iya yi wa amfani, amma bayan an gano ciwon a babban asibiti, irin na Malam Aminu Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse, ko na tarayya a Birnin Kudu. In an ce a saya, gidan da ke da sola ko janareta ya ɗauki mai kwamfaresa. Mai raga sai inda babu wuta sam, tare da ragar canji tun ranar saye. A fara da kashi 0.9, kada a haura sai likita ya gwada ya gani.

Ƙaramin asibitin ƙauye mai neman inji ɗaya don jama'a: mai kwamfaresa, da kofuna da yawa yadda kowane majinyaci zai sami nasa, da matatun iska na ajiya kafin hunturu ya shigo, a kuma ware masa wuri mai taga biyu a buɗe nesa da inda mata ke zama da jarirai.